Sawu a Kan Toka

Shafi na 19

A'a, tsaya tukuna. Ke da kika turo cewa wai ni muguwa ce, na hana miji nama shina kwance, an karanta mini saƙonki na ji. Kin taɓa juya ƙaton namiji bisa gado ke ɗaya? Kin taɓa wanke shi ki ga fatar bayanshi ta fara saɓulewa kamar dafaffen rogo? Ba ki taɓa ba. Tau ki bari in gama, sannan ki yanke mini hukunci, tunda alƙalanci ya zama kyauta a waya.

Ku kuma masu kukan shafi ya yi gajere, baki ɗaya gare ni, haƙoran ciki ma ba su cika ba.

Waɗanda suka shigo yau, ku matso. Zamanin da kuɗin mai suka ɓalle ne, bayan ƙarin albashin Udoji. Maigidana Alhaji, sunanshi ku tambayi mutan Ƙanƙara, ni ba ni faɗi, da manomi ne. Sai ya samu kwangilar kwalbatoci a hanyar Faskari, ya sayi Fijo. Daga ranar ƙafarshi ta yi sallama da ƙasa. Tuwon dawa ya zama abin kunya. Sai shinkafa 'yar waje, tsire, burodi da bota, lemun kwalba kamar ruwan alwala, sigari wannan na kunna wannan. Wuya ya haɗe da kafaɗa, ana ta cewa hutu ne. Wata safiya shina ɗaura agogo ya zube. Ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace.

A asibiti akwai wata mai gashin ƙashi, Alheri sunanta. Ranar da aka sallame mu ta ja ni gefe.

"Safara'u, ƙwayar hawan jinin nan kada ki fasa ba shi. Amma ƙwaya ba ta koya ma ƙafa tafiya."

Na ce, "Tau mi ke koya mata?"

Ta ce, "Ƙasa. Ki rage gishiri da kanwa. Mai ɗan kaɗan. Sigari ko warinta. Ki maida shi kan gero da wake da zogale. Ya ga rana, ya yi barci lokacin barci. Ki ba hannun nan aiki, ko gyaɗa ce ya ɓare. Kullum ki tsaida shi ya taka, ko zai zage ki."

Na ce, "Zai zage ni."

Ta ce, "In ya zage ki kin ci riba, bakin ma motsi yake so."

Muna isowa gida surukata, Iya, ta karɓe jinya. Ta ce a fidda shi daga ginin siminti, idon mutane ya yi yawa. Aka kai shi tsohon ɗakin ƙasa na ƙuryar gida, inda mahaifinshi Malam Gide ya yi tashi jinyar, irin wannan ciwon, har ya cika. Ƙanen Alhaji, Audi, ya je dajin Sabuwa ya jiyo daga wani mai magani: iska ce ta buge shi, tana nan waje tana jiran ta ƙarasa. A toshe taga da tsumma. A saki asabari. Kada ya ƙetare dokin ƙofa. A cika shi da nama ya yi jini.

Ni kuma ranar kasuwa nake jira. Iya, duk arzikin ɗanta, ba ta fasa kai daddawa kasuwa a ƙasa. Da rana tsaka in gida ya yi tsit sai in cire tsummar, in ɗora hannunshi a wuyana, mu fito. Ya taka da ƙafa mai lafiya, ya ja matacciyar. Ya taka, ya ja. In mun koma in ɗauki tsintsiya in share sawun. Sauran ranaku kuma cikin ɗaki muke yi, daga gado zuwa bango.

Ya sa na yi mishi alkawari da karkataccen bakinshi, "Kada... Iya... ta sani." Kuma kada kowa ya gan shi. Mutumin da ya shigo gari da Fijo ba ya son a gan shi shina jan ƙafa, miyau na zuba.

Tau mu koma ranar da nake ba ku labari.

Ranar kasuwa ce. Da hantsi Iya ta aike ni barka can bayan gari, ta ce kada in dawo sai an yi azahar. Iya ba ta taɓa aikena barka ba. Na dai cire mishi tsummar taga, na saɓa mayafi na fita, raina bai kwanta ba.

Ina dawowa, tun daga zaure na ji gidan ya yi wani irin shiru. Kaji ma ba su tsakar gida. Na leƙa. An barbaɗe ƙasa da toka fari fat, tun daga ƙofar ɗakin Alhaji har lungun da ke zagawa bayan gida. Asabari a sake. A kan tokar kuma ga wani dogon layi, kamar an ja buhu.

Iya na zaune dirshan a bakin zaure, tiren daddawa a kife. Audi na tsaye manne da bango, hularshi a hannu.

Na yi taku ɗaya. Audi ya tare ni.

"Kada ki taka! Mai magani ya ce duk wanda ya ƙetare sawun, ciwon kanshi zai koma."

"Wane sawu? Wa ya zuba toka?"

"Ni na zuba. An ce mu zuba, mu watse daga gidan, mu ga abin da ke shigowa da rana tsaka."

"Ka bar mara lafiya shi kaɗai don ka kama aljani?"

"Maƙwabta sun daɗe suna jin ja da ƙasa ranar kasuwa. Shuuu... shuuu... Yau mun gani."

Ni dai na san ba aljani ba ne. Na ce a raina, bawan Allahn nan ya ga ban zo ba, ya gwada leƙowa shi kaɗai ya koma. Ga toka ta tona mu.

Iya ta ɗago kai. Muryarta ƙasa ƙasa, kamar mai tsoron a ji ta daga ɗaki.

"Safara'u."

"Na'am, Iya."

"Wa ya cire tsummar taga?"

Na kalli ƙasa.

"Da ke nake."

"Ɗakin wari yake, Iya."

"Wari. Ke kika buɗe mishi hanya ke nan."

"Wa na buɗe mawa?"

Ta kawar da kai. Ta ce, "Yau a kasuwa Khadijatu ta gidan Almu ta durƙusa har ƙasa tana yi mini godiya. Na ce godiyar mi? Ta ce farfesun kan rago. Ta ce tun da aka dawo da Alhaji gidansu bai kwana ba nama ba, mijinta har ya sake wando."

Audi ya ce, "Iye?"

Ai kuwa haka aka yi. Duk mai zuwa dubiya da kwanonshi yake zuwa: dambun nama, kaji a soye, farfesu mai na yawo a kai, gishiri kamar za a jeme fata. Kowa na son a ce shi ya fi ƙaunar mai kwangila. Ni kuma in yi godiya, in raka su zaure, in miƙa kwanon ta katanga.

Na ce, "Sadaka maganin masifa ce, Iya."

"Ki rufe mini baki! Mi kike ba ɗana?"

"Abin da kike ci."

"Mi?"

"Tuwon dawa miyar kuka. Kwaɗon zogale. Wake. Kunun tsamiya ba sukari. Abin da ya kai ki wannan shekarun kina zuwa kasuwa da ƙafarki, tire a ka."

Audi ya ce, "Lā ilāha illallāhu! Yaya da ya gina kwalbatocin gwamnati, shi ake ba zogale kamar akuya?"

"Akuya ka taɓa ganin ta shanye?"

"Kin ga yadda ya rame kuwa? Zoben hannunshi har faɗuwa yake!"

"Da ai sai da sabulu ake cire shi."

"Wallahi yunwa za ki kashe shi da ita!"

"Kai kuma da mi? Audi, wa ke cusa sigari ƙarƙashin matashin kai?"

Ya kalli Iya, ya kalli hularshi.

"Shi ya roƙe ni."

"Ya roƙe ka. Ni ma kullum roƙona yake, har da zagi. Kwalin na nan cikin murhu, in kana son tokar a ƙara a kan wannan."

Iya ta buga tafin hannu a ƙasa.

"Kafirar asibitin nan ce ta hure miki kunne."

"Alheri ba ta ce ya bar salla ba, Iya. Cewa ta yi ya ja carbi da hannun da ya mutu."

"Hannun da ya mutu ya mutu."

"Ya ɓare gyaɗa da shi."

"Ƙarya kike."

Nan na tuna alkawari, na haɗiye sauran.

Iya ta juya ta kalli layin nan na kan toka. Daga inda muke ba a gani sosai, ga idonta ya cika da ruwa. Sai na ga tsoro a fuskarta. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin tsohuwar nan ta ji tsoro ba. Maciji ma da taɓarya take bin shi.

Ta ce, "Na san sawun nan."

Audi ya ce, "Iya, kin san aljanin?"

"Ba aljani ba ne. Ubanku ne."



Audi ya ce, "A'uzu billahi. Iya, Baba ya rasu ina goye."

"Kana goye. Shi ya sa ba ka sani ba. Yayanka kuma ya tafi ci-rani. Ba wanda ya sani."

Ta gyara zama, ba ta kallon kowa.

"An ce muku bisa gado ya cika. Ni na faɗa. Ba bisa gado ya cika ba."

Ta ci gaba.

"Shekara biyu ya yi a ɗakin nan. Na toshe taga, na saki asabari, yadda aka ce. Ban bar shi ya ɗauki ko ludayi ba. Ni nake ba shi a baki. Kullum in na shiga sai ya nuna ƙofa da hannun mai lafiyar, shina cewa, 'Rana... rana...' In ce Malam yi haƙuri, abin na waje shina jiranka. Sai ya juya fuska bango."

Ta share hanci da gefen zane.

"Wata ranar kasuwa na tafi da daddawa, kai kana bayana. Na dawo da azahar. Na tarar da layin nan a ƙasa. Wannan dai. Taku ɗaya, ja ɗaya. Na bi shi. Ya zaga lungu. Ya kai ni rijiyar bayan gida."

Audi ya dafe bango.

"Na same shi kife a bakin rijiya, fuskarshi cikin taɓon da ruwa ke zuba. Igiyar guga a hannunshi. Ga buta a gefe. Alwala ya so ya yi da kanshi. Taɓon bai kai tafin hannu zurfi ba, Audi. Juyawa kawai ya kasa."

"Innā lillāhi..."

"Ni na jawo shi. Ni ɗaya, kana bayana kana kuka. Na maida shi gado, na wanke mishi fuska. Sannan na ɗauki tsintsiya na share sawun, kafin in yi kururuwa."

Da ta ce tsintsiya sai na tuna tawa. Ashe mu biyu ne masu shara a gidan nan.

Ta ce, "Na share shi, amma bai sharu ba. In na rufe ido shi nake gani. Kwanan baya na ga guntunshi a bakin rumbu, na ce ko idona ne. Yau ga shi fili. Ya dawo ɗaukar ɗanshi. Ke kuma kin buɗe mishi taga, kin rage ma yaron jini da ganye."

Na durƙusa gabanta. Wallahi tausayinta na ji. Amma tausayi ne ya kwantar da Malam Gide, ni kuma na ga inda ya kai shi.

Na ce, "Iya, Allah Ya jiƙan Baba."

"Kada ki ambace shi."

"Ƙafar da aka ajiye shekaru, ranar da ta fita ita kaɗai, ba mai riƙe ta, dole ta ci amanar mai ita. Da ana fitowa da shi kullum..."

"Ni na kashe shi ke nan?"

"Ban ce ba."

"Kin ce!"

"Kin yi abin da aka gaya miki. Ni ma abin da aka gaya mini nake yi. Ke kin ga ƙarshen naki. Ki bar ni in ga ƙarshen nawa."

Audi ya ce, "Kin ji rashin kunya! Uwar mijinki kike gaya ma haka?"

Iya ta miƙe. Tsoron ya koma fushi, ta dawo Iyar da na sani.

"Audi, tada mota."

"Iya?"

"Ka kai ta Faskari gidan ubanta. Yanzu. Daga can ka wuce Sabuwa ka ɗauko mai maganin, ko hanya ta cinye tayar. Za a liƙe tagar nan da laka. Ƙofar kuma ƙyaure za a sa mata da kwaɗo, makulli a ƙuguna. Na rasa uban a waje, ba ni rasa ɗan."

"Iya, in aka kulle shi ba zai ƙara tashi ba."

"Gara in gan shi kwance shina numfashi."

"Ba ke za ki sake ni ba ai. Shi ke da aurena."

"Shi? Wanda sunanki ma ba ya iya faɗi?"

"Jiya ya faɗa. Ya haɗa da 'shegiya mai taurin kai.' Tas ya fito."

Audi ya kusa dariya, ya maida ta tari.

Iya ta ce, "Ɗauko mata kayanta."

Audi ya ce, "Suna ɗakin can, sai an taka toka."

"Tau ta tafi da na jikinta."

Nan na auna. Alkawarin Alhaji a hannu ɗaya, kwaɗo da makulli a ɗayan. In na yi shiru na tafi Faskari da alkawarina, shi kuma ya zauna cikin duhu ana ɗura mishi romo, Audi na kunna mishi sigari, har ya fara nuna ƙofa shina cewa rana. Na ce ya zage ni daga baya, dama na saba.

Na ce, "Iya, ba Baba ba ne. Sawun Alhaji ne."

"Mi kika ce?"

"Tafiya yake. Ni ke fitowa da shi duk ranar kasuwa. Jan da maƙwabta ke ji, shi ne. Guntun da kika gani bakin rumbu, tsintsiyata ce ta tsallake."

Audi ya ce, "Yaya? Yaya da mu huɗu muka ɗauko daga mota?"

"Shi."

"In na shiga ko yatsa ba ya motsawa!"

"Saboda kana shiga da kuka, kana ce mishi sannu kamar gawa. Ga Iya ta ce in ya motsa abin waje zai ji. Mi zai motsa muku?"

Iya ta ce, "Ƙarya kike don kada a kore ki. Yau ai ba ki nan. Wa ya fito da shi?"

"Ba kowa. Ya ga rana ta yi ban zo ba, ya gwada leƙowa."

"Ɗana ba ya ƙetare maganata."

"Tau mu ɗaga asabari mu tambaye shi."

"Ba mai taka tokar nan!"

Audi ya ƙwala kira daga inda yake, "Yaya! Yaya!"

Shiru.

Iya ta ce, "Barci yake. Lokacin barcinshi ne."

Ni na san ba lokacin barcinshi ba ne. Ni na hana shi barcin rana.

Na ture hannun Audi. Iya ta cafko mayafina, na bar mata shi. Na taka tokar, tana ihu tana salati, na je na tsuguna a kan layin.

Ga jan matacciyar ƙafa, dogo, a ɓarin dama. Ga tafin mai lafiyar a gefe, yatsu biyar sun fito raɗau, har da babban yatsan nan nashi da garma ta taɓa tsagawa. Ga ɗigon taɓarya, ashe ita ya dogara.

Na bi sawun da ido tun daga dokin ƙofa. Na nemi na biyu, na komawa. Na sake nema.

Iya na bayana tana cewa, "Kin taka! Kin taka sawun mamaci! Audi, fidda ta daga gidan nan kafin ta..."

Na juyo. Ban san muryata za ta fito haka ba.

"Iya, mai zuwa ɗaukar rai shigowa yake. Zo ki dubi yatsun nan, lungun rijiya suke kallo. Ɗanki ne ya fita. Kuma bai dawo ba."